Albasar da Baba ya saya a hanya

Sau ɗaya na taɓa shiga jirgin sama, kuma in mata suka tambaye ni yadda cikinsa yake ba ni da abin faɗa mai yawa. Kujeru ne da sanyi, sai kunne da ke toshewa. Abin da na riƙe daga wannan rana a ƙasa ya faru, tsakanin filin jirgin Sakkwato da ƙofar gida a Illela.

A Ikko na haihu, inda maigidana ke sayar da albasar da mahaifinsa ke aika masa daga gida. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mini aiki. Yaron kuma ya fito ƙarami, ga shawara a idonsa, har muka kwana biyu a asibiti. Da lokacin tafiya wankan gida ya yi, likita ya ce ɗinkina ba zai jure zaman doguwar mota ba. Shi ya sa maigidan ya daure ya saya mini tikitin jirgi. Lalura ce ta hau da ni, ba gata ba.

Kafin a sallame mu, wata nas Bayarabiya mai jin Hausa ta kama yatsuna ta ɗora a maɗigar yaron. Ta ce in riƙa taɓa wurin. Ta ce nono kawai, ko ɗigon ruwa kar in ba shi, ko wa ya ce in ba shi. In ya daɗe bai tsotsa ba, in fitsari ya ɗauke, in wurin nan ya lotsa, to in nemi asibiti kar in jira kowa. Ni firamare ma ban ƙarasa ba, amma abin da aka faɗa mini a kan yaron nan ko kalma ɗaya ba ta zube ba. Mai tsoro ce ni tun asali. Mahaifiyata takan ce ko kaza ta yi tari sai na leƙa akurki. Ban damu ba, don tsoron ne ya koya mini kallo.

A cikin jirgi bai sha ba. Da muka tashi ya yi ta kuka, daga baya ya yi barci. Da aka tsaya Abuja na ba shi, ya ja sau biyu ya saki. Muna sauka Sakkwato na shiga banɗaki na duba famfas ɗinsa. A bushe yake kamar yadda na saka masa da safe.

Ban firgita ba a lokacin. Shirin da aka yi shi ne ƙanin mijina zai zo ɗaukata, shi kuwa abokin wasana ne. Zan iya ce masa ya fita daga mota ya juya baya, har in ɗora masa da baƙar magana. Na ce a raina, ina shiga mota zan zauna in lallaɓa yaron har ya kama.

Na fito ƙofa zafin bazara ya mare ni. Direbobi suka taso, wannan ya ce "Hajiya, cikin gari?" wancan ya ce "Hajiya, shata?" Daga filin jirgi babu motar da ke lodin Illela. Wanda ba shi da mai tarbarsa sai ya ɗauki shata ya ratsa gari har tashar Illela, can ya shiga ƙaramar motar da ake matsa mutane kamar goro a huhu. Ina ta baza ido ina neman ƙanin mijina, sai na hango farar babbar riga a gindin wani dogon yaro, da carbi a hannu. Baba ne, mahaifin maigidana, da kansa. Ashe ƙanin ya ƙetara iyaka zuwa Ƙwanni da kaya bai dawo ba, shi ne tsohon ya ɗauko shatar mota tun daga Illela. Jirginmu kuma ya yi latti, ya daɗe a tsaye.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai wannan karamci ne, kuma karamcin ne. Amma tun da aka kai ni gidansu, ni da Baba ba mu taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma ina durƙushe, fuskata a gefe. In na hango shi a zaure komawa nake yi. Ba na ci a gabansa, ba na sha, ba na ɗaga murya in yana gida. Yaron kuma ɗan fari ne, wanda uwa ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya, ba ta ma cewa nata ne. Ƙari a kan haka sunan Baba aka sa masa. Ɗan da ba na kiran sunansa, da surukin da ba na duban idonsa, ga mu za mu shiga mota ɗaya.

Na durƙusa, ɗinkin ya ja ni har cikin baya. Ya kalli can wani wuri ya ce, "Kun sha hanya. Tashi, tashi." Sannan ya leƙa cikin showal ɗin da na naɗe yaron, fuskarsa ta saki. Kaka da jika ba su da shamaki.

"To, ga ɓarawon suna ya iso," in ji shi. "Kai ɗan Ikko, har da jirgi ka taho ka amshe mini mata?"

Da na ce a ba ni ɗan lokaci in koma ciki in zauna, da babu wanda zai hana. Amma wa zan faɗa wa? Tsoho ya sha rana saboda ni. Na shiga baya, Baba ya shiga gaba, aka ɗaure akwatina a but.

Direban magidanci ne ɗan garinmu, mai jan haƙoran goro, bakinsa ba ya hutawa. Na'urar sanyin motarsa ta daɗe da mutuwa, sai aka zuge gilasai, iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu. Muna shiga gari cunkoso ya riƙe mu, 'yan kabu-kabu suna ta hon ta kowane gefe, yaron ya farka da kuka.

Na san abin da mata za su ce, don sun sha faɗa mini: ina hijabinki? Ai kowace uwa a ƙarƙashin hijabi take ba da nono, a mota, a kasuwa, a asibiti. Na gwada. Amma wannan yaron bai iya kamawa da kansa ba tukuna. Sai na ga bakinsa, na tallabe ƙeyarsa da hannu ɗaya, na saita masa da ɗayan, kuma ba zan iya kwantar da shi a kan cikina ba saboda ɗinki. A cikin duhun hijabi, ga gumi, ga mota tana tsalle, sai ya yi ta lalube yana ƙara ihu. In na yaye hijabin kuwa, ga madubin direba yana kallona, ga ƙeyar Baba kusa da gwiwata.

"Alhaji, abokin ga naka ƙishi shikai," in ji direba. "Ranar Sakkwato ba irin ta Ikko ba ta."

Baba ya kira wata mai tallan ruwan leda ta taga. Ya miƙo guda ta saman kafaɗarsa bai waiwayo ba. "Ungo, takwara, jiƙa maƙoshi."

Na karɓa da hannu biyu. Sanyin ledar ya ratsa tafina. Ba a mayar wa suruki kyauta. Ni kuma na riga na san ko sama da ƙasa za su haɗu ruwan nan ba zai shiga bakin yaron ba. Sai na ja hijabi na rufe fuska, na ciji bakin ledar, na shanye tas. Wannan ne karo na farko da wani abu ya wuce maƙogwarona Baba yana wurin.

Direba bai bar shi ya wuce ba. "Alhaji, maijego ta shanye ruwan takwaranka."

Baba ya ja carbi ɗaya, biyu. Ya ce, "Ƙyale ta. In rijiya ta sha, guga bai rasa ba."

Muka haye gulbi, muka bar gari a baya. Hanya ta miƙe, direba ya samu fili ya fara wuce tirelolin da ke jere, kowace ya wuce sai ya yi mata kirari. Bayan Kware kukan yaron ya sauya. Da yana yi da ƙarfi, har jijiyar wuyansa na tashi. Sai ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa, yana yi yana tsayawa. Daga nan ya yi shiru.

"Alhamdu lillahi, ya samu barci," in ji direba.

Na san barcin ɗana. In yana barci bakinsa yakan riƙa motsi kamar yana tsotso. Wannan karon laɓɓansa a bushe suke, sun manne, idonsa bai rufe duka ba. Na zura yatsa ƙarƙashin hularsa. Wurin da nas ta nuna mini ya faɗa ciki, ba sosai ba, amma yatsana ya san bambancin.

Na matsa bayan kujerar direba na yi ƙasa da murya. "Malam direba, don Allah in an samu inuwa a ɗan tsaya."

"Haba maijego, saura ƙiris Gwadabawa, daga nan kuwa Illela kamar an isa. In na tsaya yanzu, duk manyan motocin ga da na wuce da ƙyar su dawo gabana. Ki yi haƙuri, tunda ya yi shiru."

Ba mugunta ba ce, shi shiru a wurinsa lafiya ce. Baba kuwa bai motsa ba. Ko iska ce ta hana shi ji, ko kuwa dattako ne, don mutumin kirki ba ya sa kunne a maganar matar ɗansa da wani. Har yau ban sani ba.

Can gaba na hango wani babban gawo a bakin hanya. Gawo shi ne itacen da ke da ganye lokacin da sauran suka zubar. Akwai mata a gindinsa, gaba kaɗan kuma manoma sun jera tsibin albasa suna jiran masu wucewa. Na ga in muka wuce wannan inuwa ban san inda wata take ba. Na buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Na sake.

"Baba."

Carbin ya tsaya.

"Baba, a tsaya. Ɗana bai sha nono ba tun safe."

Ɗana na ce, da bakina, a gabansa. Na ji kunnuwana sun yi zafi.

"Tsaya," in ji Baba.

"Alhaji, tirelolin nan..."

"Na ce ka tsaya. Albasa nike so."

Direba ya taka birki yana kallonsa. "Albasa, Alhaji? Kai?"

"Awo, ni. Sauko ka taya ni ciniki."

Ya fita bai kalli baya ba, ya tasa direba gaba. Suka wuce tsibi na farko, suka wuce na biyu, sai da suka kai mai albasa na can ƙarshe sannan Baba ya tsuguna, bayansa yana wajenmu.

A gindin gawon wata dattijuwar Bafulatana ce ke sayar da fura da nono. Tana ganin yadda nake takawa a duƙe ta janye ƙoranta ta shimfiɗa mini tabarma daidai jikin itacen. Ta kwance zanen da ta yafa, ta miƙe tsaye ta ware shi tsakanina da titi.

"Na fari na?" ta tambaya.

Na sunkuyar da kai.

"Na gane. To cire mai tarkacen ga, ɗiyata. Kin naɗe shi kamar za a aika shi ƙasar ƙanƙara."

Gaskiyarta, don sanyin jirgi na sa masa hula da safa da showal, kuma ruɗewa ta hana ni tunawa. Na tuɓe shi, na jiƙa gefen zanena na goge masa jiki. Na yaye hijabi, na jingina da gawo, na ɗora shi a gefena ta ƙarƙashin hammata yadda aka koya mini don kar ya danne ɗinki. Na kai masa. Bai buɗe baki ba.

Na matsa nonon ya ɗiga a leɓensa. Shiru. Na sosa tafin ƙafarsa, na hura masa iska a goshi. Na ga zanen da tsohuwar take riƙe da shi ya daina motsi. Na sake ɗiga masa. Harshensa ya fito kaɗan ya lasa. Ya yamutsa fuska kamar wanda aka tasa daga barci don a ba shi haushi, ya wangale baki, ni kuwa dama shi nake jira. Ya kama. Zafin ya tsarga mini har cikin haƙora, ban taɓa jin zafi mai daɗinsa ba. Na ji ƙarar haɗiyarsa, ƙut, ƙut, na kafa kunne ina saurare kamar mai jin wa'azi.

Sai a lokacin na fara jin muryar Baba daga nesa. Mutumin da in ya kalli tirela cike da albasa sau ɗaya zai faɗi darajarta, shi ne yake ɗaukar albasa ɗai-ɗai, ya matsa wuyanta, ya sansana, ya ajiye, ya ɗauki wata. Direba yana tsaye yana ta sauya ƙafa, yana kallon tirelolinsa suna wucewa.

Tsohuwar ta leƙa ta saman zane. "Wancan mai farar riga, mi naki na?"

"Baban maigidana na."

"To Allah shi bar miki shi. Tun ɗazu mai albasa ya sallama mai, shi ne ya ƙi amsa. Yanzu ma rage kuɗin da ya taya da bakinai yake yi, don a sake faro gardama."

Na yi dariya har ɗinkin ya tuna mini da kansa.

Yaron ya sha ɗaya, na juya shi ya sha ɗayan, ya saki da kansa, madara a gefen bakinsa. Tsohuwar ta dama mini fura ta ce in shanye, mai shayarwa ba ta tafiya da ciki wofi. Na rasa yadda zan sanar da su na gama, tunda ba zan ƙwala kira ba. Sai na tashi na kakkaɓe tabarmar da ƙarfi. Direba ya waiwayo ya ce wani abu. Nan take ciniki ya faɗa. Suka dawo da ƙaramin buhu, Baba ya tura direba ya sallami mai fura, muka kama hanya.

Hankalina ya kwanta rabi. Na zura yatsa cikin famfas, har yanzu babu laima. Mun wuce Gwadabawa da ɗan nisa yaron ya yi ɗan ƙorafi, ba kuka ba ma. Kafin in yi tunanin abin yi Baba ya karkata kai.

"Ka ce mi, takwara? Ba ta isa ba? Direba, in ka ga wata albasa tsaya."

"Alhaji, yau kam sai mun kwashe albasar ƙasar ga duka mun kai ma Illela."

"Kai dai tuƙinka anka biya."

Muka sake tsayawa a wata rumfa. Wannan karon ban jira inuwa ta musamman ba. Suna fita na rufe ƙofa, na rataya showal a taga, na ba shi a cikin mota.

Da la'asar muka shiga gari. Ga 'yan canji a kan bencinsu da damin sefa, ga babura ɗauke da jarkoki suna nufar iyaka, ga warin garinmu na fetur da shanu da albasa, wanda ban san ina kewarsa ba sai da na shaƙa. Gidan su maigidana aka fara tsayawa don kakarsa ta gan shi kafin a wuce da ni wurin mahaifiyata. Zauren cike yake da buhunan albasa har rufi, suna jiran motar Ikko. A gaban wannan tulin direba ya sauke ƙananan buhuna biyu, yana danne dariya.

Inna, mahaifiyar maigidana, ta fito da guɗa a bakinta, sai ta ga buhunan ta haɗiye ta.

"Alhaji, mi na na?"

"Albasa."

"Na ga albasa. Tamu ta ƙare?" Ta kwance bakin buhu ta ɗauki guda ta matsa. "Wagga ko bushewa ba ta yi ba. Wa ya cuce ka?"

"Takwara ya gani ya ce yana so. Ba a hana ma baƙo."

Ta kalle shi, ta kalle ni ina durƙushe, ta kalli bakin yaron. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa.

Ta karɓi yaron tana "angona, angona," ta zauna a tsakar gida ta ɓalle famfas ɗin, wai wace irin leda ce wannan cikin zafin ga. Kowa yaron yake kallo, ni famfas nake kallo. A bushe. Na riga na yanke a raina, in aka kira magariba bai yi ba, asibiti za ni, kuma ko wa ke tsaye a zaure zan faɗa masa da bakina. Bakin da ya buɗe a mota ba zai gagare ni buɗewa a gida ba.

Inna ta naɗe shi a ɗan zane ta miƙa wa Baba ya yi masa addu'a. Ni na koma bayan ƙofar ɗaki, inda ya dace in tsaya, ina leƙe ta tsakanin labule. Baba ya ɗora shi a cinya, ya tofa masa a ka, ya fara tsokanarsa. Sai ya dakata ya kalli ƙasa. Laima tana yaɗuwa a kan farar shaddarsa, tana gangarowa har gwiwa.

"Kun gani ko," in ji shi. "Na saya mai albasa buhu biyu, ga tukwicina."

Matan gida suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ina kallon laimar, mai yawa ce, kuma fara, ba ja ba. Na ji kaina na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi, har wata gwaggo ta waiwayo ta harare ni. Na bar ta da hararta.

Albasar nan gidanmu aka aika da ita, don Inna ta ce ba za ta haɗa ta da tasu ta ruɓar musu da kaya ba. Duk zaman wankan da na yi, miyar mahaifiyata albasa ce a sama, albasa a ƙasa, har ta ce in an sake haihuwa a roƙi Alhaji ya sayi tattasai.

Tsakanina da Baba babu abin da ya sauya a idon mutane. Har yau ina durƙusawa, ba na ci a gabansa, kuma yaron, wanda yanzu yake bin sa rumfa yana hawa buhuna, ban taɓa kiran sunansa ba. Abu ɗaya ne. In jikin yaro ya yi zafi, ko na ga abin da bai kwanta mini ba, ba na neman wanda zan aika. Nakan tsaya daga bakin zaure in ce "Baba," shi kuma carbinsa yakan tsaya.

Da na haifi ta biyu, a gida Illela, ya shigo ganinta ana gobe suna. Ya sa ƙafa ɗaya a ɗaki ke nan ta tsala kuka. Ya janye ƙafar, ya gyara hularsa.

"Bari in duba albasa," in ji shi, ya juya.